Inuwar da Ta Ƙi Bin Agogon Ofis

Kai ma ka san agogon nan, kada ka ce ba ka san shi ba. Ka sha shiga ofis, ko masallacin unguwa, ko shagon tela, ka ɗaga kai ka ga agogon bango yana faɗin lokacin da bai yi ba. Me ka yi? Ka cire minti biyar ko goma a zuciyarka, ka ci gaba da sabgarka. Ba ka jawo kujera ka hau ka gyara shi ba. Ba ka ko tambayi wanda ya tura shi gaba ba. Ka kau da kai kamar yadda kowa ya kau da kai, kana cewa ai ba wanda abin zai cutar. To, saura ƙiris irin wannan agogo ya raba Malama Zuhura da ɗakin kimiyyarta, kuma da hakan ta faru, da kai ma kana da naka kason na laifi.

Zuhura 'yar Kankia ce. Wata huɗu ke nan da aka ɗauke ta koyar da kimiyya a wata 'yar makarantar sakandare da jama'a suka gina da guminsu a bayan Kusada, kan hanyar Bauranya. Kullum da sassafe take shiga motar haya daga Kankia, ta sauka a Kusada, ta ƙarasa a kan babur, jakarta a rungume. A duk makarantar ɗaki ɗaya ne rufinsa ba ya yoyo, shi ne wanda aka rubuta wa "Ɗakin Kimiyya" da shuɗin fenti. Kayan cikinsa ba wasu na a zo a gani ba ne: tebura biyu, kwalabe, ma'auni ɗaya, da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu da wani ɗan garin mai aiki a Kaduna ya aiko da ita sadaka. Amma a nan ne ɗalibanta talatin da ɗaya suka fara taɓa abu da hannunsu maimakon su haddace sunansa kawai. Makullin ɗakin yana rataye da igiya a wuyan Zuhura, ƙarƙashin hijabi.

Rashin yoyon nan shi ya jawo wa ɗakin ido. Damina ta ƙarato, ƙungiyar manoma tana jiran motar taki ba ta da inda za ta ajiye shi, shugaban ƙungiyar kuwa, Alhaji Babba, shi ne kuma shugaban kwamitin iyayen yara. Mutum ne mai fara'a da faɗin kafaɗa, wanda in zai karɓe maka abu sai ya fara sa ka dariya.

"Aro ne fa, Malama," in ji shi a taron kwamiti. "Wata uku kacal. Da an raba taki, a share miki ɗakinki."

Zuhura ta san irin wata ukun nan. Ɗakin karatu na makarantar ma aron wata uku aka yi masa shekara huɗu da suka wuce. Har yau harawa ce a ciki, littattafan kuma suna cikin buhu a bayan ƙofar ofis.

"Alhaji, yara suna amfani da ɗakin."

"Ba raina karatunki muke ba, 'yata. Amma ni dai tun da aka buɗe shi ban ga abin da ya fito daga ciki ba sai yara masu atishawa."

Aka yi dariya. Shugaban makarantar, Malam Abdullatif, wanda kowa ke kira Firinsifal, ya yi tasa a hankali, irin ta wanda ba ya son ya ɓata wa kowa rai. Sai Zuhura ta miƙe.

"In na nuna muku abin da ya fito daga ciki fa?"

"Kamar me?"

"Ranar Alhamis ta sama, ashirin da uku ga Afrilu, ƙarfe sha biyu da minti ashirin da bakwai na rana, inuwa za ta ɓace a filin makarantar nan. A kafa ƙarfe a tsaye, ba za a ga inuwarsa ba ko ta faɗin farce."

"Haba Malama, ai kullum da tsakar rana inuwa takan gajarce."

"Takan gajarce, ba ta ɓacewa. Sau biyu kaɗai a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar kanmu, kuma abin ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu. Na san ranar, na san mintin, kuma a ɗakin nan na sani."

Alhaji Babba ya gyara zama. Yana son irin wannan. "In ba ta ɓace ba fa?"

"Da hannuna zan miƙa maka makulli. In kuwa ta ɓace a mintin da na faɗa, taki ya nemi wani gida."

"A mintin da kika faɗa?"

"A mintin. Ba wajen-wajen ba, ba in an jima kaɗan ba."

Firinsifal ya yi tari, ya ce a dai bi a hankali. Ba wanda ya kula shi. Aka shafa fatiha aka tashi.

Ba da ka Zuhura ta yi maganar ba. A cikin kwamfutar akwai wata manhaja mai kwaikwayon sararin sama. In ka gaya mata inda kake tsaye a doron ƙasa, sai ta duba kwanan wata da agogon kwamfutar, ta zana maka rana a daidai inda take a wannan lokacin, har da wata ƙaramar sanda a kafe a tsakiyar allo da inuwarta. Kana iya tura ta gaba ka ga gobe, ko ka mayar da ita baya ka ga ranar da aka haifi kakarka.

Kwana goma ta yi tana fama da ita. Manhajar ba ta san Kusada ba, Katsina ta sani, Zuhura kuwa ta ce ba ta yarda da Katsina ba. Ta ari babbar wayar Damian, mai kemis ɗin bakin kasuwa da ya shekara ashirin a garin, ta tsaya a tsakiyar filin makaranta ta kwafi lambobin wurin ɗaya bayan ɗaya. Baba Manu, tsohon maigadin makarantar mai shara da buga ƙararrawa, ya tsaya da tsintsiyarsa yana kallonta.

"Ɗiyata, ita ranar ta san da wannan alƙawari?"

"Ba ta saɓawa, Baba. Mu ne ke saɓawa."

"Wannan kuwa gaskiya ne," in ji shi, ya ci gaba da shara.

A cikin wannan aune-aune ne ta gano abin da ya ƙara mata ƙarfi: rana takan kai tsakar kan mutanen Kusada kusan sakan arba'in kafin ta kai na mutanen Kankia, domin Kusada ta ɗan fi gabas. Ta shiga ɗakin malamai da labarin kamar ta tsinci zinariya. Ta faɗa ranar Litinin, ta maimaita ranar Talata, ranar Laraba aka raɗa mata suna Malama Sakan Arba'in.

"Ku yi ta dariya," in ji ta. "Abin da ya hana mu ci gaba ke nan. A ce taro ƙarfe goma, a fara sha biyu. A ce bayan la'asar, a zo da magariba. Mun mayar da lokaci kamar roba, kowa ya ja yadda ya ga dama."

Gaskiya ta faɗa, kuma malaman sun san gaskiya ce, shi ya sa suka ci gaba da shan shayinsu. Abin da ko ɗayansu bai buɗe baki ya gaya mata ba shi ne zancen agogon ofis.

Ga yadda abin yake. Kwamfutar nan ta tsufa, ba ta riƙe lokaci. Da cajinta ya ƙare sai ta manta komai, in an kunna ta ta farka a ranar ɗaya ga Janairun wata shekara da ta daɗe da wucewa. Dole a rubuta mata kwanan wata da lokaci da hannu. Wurin caji ɗaya ne a makarantar, a ofishin Firinsifal inda aka ja wayar sola. Don haka kowace safiya Zuhura takan jona kwamfutar a can, ta ɗaga kai ta dubi babban agogon da ke bango, ta rubuta abin da ya ce. Wayarta kuwa 'yar ƙarama ce, irin wadda ake cire batirinta a maƙala a caja. Ita ma a ofis ake mata caji, kuma da an mayar mata da batir sai ta tambayi lokaci. Da agogon bangon take saita ta, tunda shi ne na hukuma.

Agogon ofis kuwa yana gaba da minti goma sha ɗaya.

Tsohon shugaban makarantar ne ya fara tura shi da minti biyar don maganin malamai masu makara. Cikin mako guda malamai suka gano, suka riƙa cire biyar. Da Malam Abdullatif ya karɓi aiki ya ga har yanzu ana makara, sai ya ƙara biyar a ɓoye. Malamai suka koma cire goma. Minti ɗayan da ya rage agogon ne ya ƙara da kansa, don himma. Kowa ya sani. Malamai sun sani, ɗalibai sun sani, mai awarar bakin ƙofa ta sani. Ba mugunta ce ta hana a gaya wa Zuhura ba. Kowa ya ɗauka wani ya riga ya faɗa mata, sannan ba a son yin maganar da ƙarfi, don kada Firinsifal ya gane an gane ya ƙara wani biyar ɗin. Sauran malamai kan yi cirewarsu kafin su rubuta lokacin isowa a rajista. Ita kuwa abin da ta gani take rubutawa, don haka wata huɗu tana sa kanta cikin masu makara, tana huce haushinta a kan direbobin Kankia, bayin Allah da ba su san hawa ba balle sauka.

Ranar Alhamis gari ya waye tas, ba gajimare ko ɗaya. Labari ya riga ya zaga. Iyayen yara sun zo daga Bauranya da Mawashi, wasu har daga Kaikai, rabi don su ga inuwa ta ɓace, rabi don su ga Malama ta ji kunya, kuma kowanne aka samu ba a yi zuwan banza ba. An kafa bututun ƙarfe da ya ɗara mutum tsawo a tsakiyar fili. Magini ya daidaita shi da igiya da dutse har sau uku, domin Zuhura ta ƙi yarda da na farko da na biyu. An shimfiɗa farin ƙyalle a gindinsa. Baba Manu ya koma gefe ya tsuguna da sandarsa.

Rana ta ƙwalle, irin ta bazara mai sa takalmin roba ya yi laushi. Kwamfuta tana kan tebur ƙarƙashin laima, allonta na fuskantar jama'a. A allon ƙaramar sandar tana tsaye, inuwarta tana janyewa a hankali.

"Saura minti biyu!" in ji Zuhura.

Damian, wanda ya rufe shagonsa ya zo, ya dubi wayarsa ya ɗaga hannu. "Malama, a nawa fa sha biyu da minti sha huɗu."

"Wayarka ce ke baya, Oga Damian."

"Ita da kanta take saita kanta. Ban taɓa sa mata hannu ba."

Nan kowa ya zaro tasa. Wani ya ce sha biyu da kwata, wani ya ce da ashirin, wani dattijo daga Mawashi ya ce tasa ta ce ƙarfe huɗu na asuba, kuma bai taɓa samun matsala da ita ba. Aka fashe da dariya. Malamai biyu suka haɗa ido, wani abu ya ɗarsu a ransu, amma Firinsifal yana tsaye a gabansu yana fifita da takarda, sai suka haɗiye.

"Kun gani ko?" in ji Zuhura. "Waya goma, lokaci goma. Shi ya sa muke da kwamfuta. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Ɗalibai suka ɗauki ƙirga da ƙarfi, goma, tara, takwas. Da suka kai ɗaya, inuwar da ke allo ta shige ƙarƙashin sandarta ta ɓace tsaf. Yara suka yi ihu. Sai kowa ya sunkuya ya dubi farin ƙyallen.

Inuwa tana nan. Baƙa ƙirin, faɗin tafin hannu, ta miƙe ƙafa a gindin bututun kamar a ɗakin uwarta.

Sannan wani daga baya ya ce, "Ta ɓace a talabijin dai."

"Ko ba ta ji sanarwar ba ne?"

"Inuwar Kankia aka yi wa alƙawari, wannan ta Kusada ce!"

"A ƙara mata sakan arba'in mana!" Wannan muryar daga cikin malamai ta fito.

Zuhura ta dubi allo, ta dubi ƙasa, ta sake duban allo. Lambobin wurin daidai, kwanan wata daidai. Ta juya ta ga ɗalibanta, waɗanda suka kwana goma suna cika wa iyayensu baki, duk sun sunkuyar da kai. Wannan ya fi mata dariyar ciwo.

Alhaji Babba ya matso, kuma a yi masa adalci, bai yi dariya da yawa ba. "'Yata, ko a ƙara miki ɗan lokaci?"

Ta so ta ce e. Amma ita ce ta ce ba wajen-wajen ba, a gaban kwamiti, kuma ita ce ta yi wata huɗu tana wa'azi a kan masu jan lokaci. Ta sa hannu cikin hijabi ta ciro igiyar makullin ta miƙa masa.

"Minti na faɗa, Alhaji. Ya wuce."

Ya karɓa ya jefa a aljihun gaba. Jama'a suka watse zuwa gindin itatuwan bedi, wato darbejiya, inda aka ajiye ruwan sanyi da zoɓo. Alhaji ya juya zai nufi babur ɗinsa, domin da la'asar motar takin za ta iso.

Sai ga Baba Manu ya miƙe da sandarsa, ya tare shi daidai gindin bututun, ya miƙa masa hannu. Baba Manu abokin marigayi mahaifin Alhaji ne, ya sha ɗaukarsa a kafaɗa yana yaro, don haka ba hannun da za a iya zarewa ba ne.

"Babba, ashe kana wurin? Ban gaishe ka ba."

"Mun gaisa da safe, Baba."

"Waccan ta tsaye ce. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ina iyali? Ina Hajiya Hadijatu? Kumburin ƙafar ya sauka?"

"Ya sauka, alhamdu lillahi."

"Ta dama ce ko ta hagu?"

"Ta hagu, Baba."

"Af! Ni ta dama aka ce mani. To mi aka shafa mata?"

Zuhura tana naɗe wayar caji tana ji, haushi yana ƙara cika ta. Ga shi nan, in ji ta a ranta, abin da take faɗa kullum. Mutum biyu a tsakiyar rana, suna kashe lokaci a kan ƙafar da ta riga ta warke.

Baba Manu ya gama da ƙafa ya shiga 'ya'ya, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wanda ke Legas, da wadda ta haihu a Mawashi, da sunan jaririn, da dalilin da ya sa ba a sa masa sunan kakansa ba. Ya tambayi bijimin nan mai karyayyen ƙaho. Aka ce an sayar tun bara. Ya yi salati, ya nemi a gaya masa wanda ya saya, da ko yana kula da shi. Gumi ya jiƙa wa Alhaji hula. Sau biyu yana cewa, "To Baba, sai an jima," sau biyu tsohon yana ƙara damƙe hannun.

"Ka tuna shekarar da ka faɗa rijiyar gidan Dabo?"

"Baba, rana fa."

"Ita nike jira."

A kan wannan maganar Zuhura ta ɗago. Ba Alhaji tsohon yake kallo ba, ta gefen ido yake satar kallon ƙyallen. Ta bi idonsa. Inuwar da ta bari faɗin tafin hannu ta koma yatsa biyu. Ta saki wayar caji ta durƙusa. Yatsa ɗaya da rabi. Janyewa take yi, a hankali, daidai yadda ta allo ta yi ɗazu. Ba ta yarda ta katse gaisuwar ba.

"To shi Dabon da kansa ya zura maka guga," Baba Manu yake cewa, "kana ta kuka kana kiran inna. Yauwa. Babba, dubi ƙasa."

Alhaji Babba ya duba. Bututu yana tsaye, ƙyalle fari fat ta kowane gefe. Ya zagaya shi. Ya dubi ƙafafunsa, ya ga tasa inuwar ta taru ta shige ƙarƙashin babbar rigarsa.

"La'ilaha illallahu," in ji shi a hankali. Sannan da ƙarfi: "Kai jama'a! Ku zo!"

Aka taso a guje da kofunan zoɓo a hannu. Damian ne ya fara isowa, wayarsa a sama kamar tuta. "Sha biyu da ashirin da bakwai! Ku duba! Sha biyu da ashirin da bakwai daidai!" Mata suna dire butoci a ƙasa su ga ko tasu inuwar za ta fito. Dattijon Mawashi ya kafa sandarsa ya ja da baya yana kabbara. Yara kuwa ba a magana. Minti ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba abin ya ɗauka, sai wani siririn baƙi ya leƙo ta gabashin bututun.

Da hayaniya ta lafa, Alhaji ya share gumi ya leƙa allon kwamfuta. Ɗan kasuwa ne, ba ya sakin abin da ya shiga aljihunsa da sauƙi.

"To amma sa'ad da ta ɓace, akwatin Malama cewa ya yi sha biyu da talatin da takwas. Da wanne za mu yi hukunci? Minti aka ce."

"Ɗiyata," in ji Baba Manu, "da wane agogo kike ba akwatin nan lokaci?"

"Da na ofis, Baba."

"Awo. Na sha ganinki ina shara. To a tambayi mai ofis."

Duk idanu suka koma kan Firinsifal. Malamai suka shiga nazarin takalmansu. Malam Abdullatif ya daina fifita.

"Wato, akwai ɗan gyara da aka yi wa agogon. Don inganta aiki."

"Gyaran nawa?" in ji Alhaji.

"Kamar minti goma haka."

"Sha ɗaya!" Malamai da ɗalibai da mai awara suka amsa baki ɗaya.

Firinsifal ya juya ya dube su, baki buɗe. "Kun sani? Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka tura shi, ranka ya daɗe," in ji Baba Manu. "Ai ni na riƙe maka kujera."

Zuhura ta ce, "Wata huɗu ina rubuta kaina cikin masu makara! Na yi faɗa da direba uku!"

"Huɗu," in ji wani daga baya, da alama ɗan'uwan na huɗun ne.

Alhaji Babba ya yi dariya har sai da ya dafa bututun. Da numfashi ya dawo masa ya ce shi ma agogon zaurensa kwata guda yake gaba, saboda yara da Islamiyya, kuma yaran sun fi shi iya cirewa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya riƙe shi a sama tukuna.

"Rana ta zo a mintin da kika ce. Mu ne muka yi wa akwatinki ƙarya, shi kuma ya yi miki. Taki ya tafi zaurena, Hajiya ta yi faɗanta ta gaji." Ya sauke makullin a tafinta. "Amma 'yata, kin auno sakan arba'in tsakanin Kankia da Kusada, ga minti sha ɗaya rataye a saman kanki ba ki gani ba."

Zuhura ta mayar da makullin wuyanta. Ta je ta ba Damian haƙuri a gaban mutane. Ya ce ba komai, amma daga yau duk wanda ya zo sayen maganin mura sai ya ji labarin kafin a ba shi. Sannan ta tsuguna ta yi wa Baba Manu godiya, ta tambaye shi yadda aka yi ya sani.

"Wajen yamma inuwar ta kwanta, ɗiyata. In ta kwanta yamma, rana ba wucewa ta yi ba, ba ta iso ba ne. Tun ina kiwo nike duba azahar da sanda." Ya gyara riƙon sandar. "Da inuwar ta ƙara minti biyu, da na shiga tambayar Babba dangin uwarsa."

A ranar, kafin a tashi, Zuhura ta jawo kujera a ofis, ta hau, ta sauko da agogon ta mayar da shi daidai da wayar Damian, Firinsifal yana tsaye yana kallon taga. Ta liƙa takarda a murfin kwamfutar, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a ba ta lokaci sai an gwada da agogo biyu. Washegari ta ba ɗaya daga cikin direbobin Kankia haƙuri, ya ce wane faɗa, shi ya ɗauka haka muryarta take.

Mako biyu bayan haka ta shigo da safe, ta ɗaga kai, ta gwada da wayarta da ta saita da labaran rediyo a mota. Agogon ya yi gaba da minti biyar. Ba wanda ya taɓa shi, in ji kowa. Malamai uku suna zaune, kowa ya riga ya cire biyar ɗinsa ya yi shiru. Ta ajiye jaka, ta sake jawo kujerar.

Ita ɗaya ce, kuma agogunan da ke ƙarya a ƙasar nan sun fi ƙarfin kujerarta. Akwai ɗaya a inda kake aiki, ko inda kake salla, ko a ɗakinka ma, wanda ka tura da hannunka don ka yaudari kanka, ka kuma ƙi yaudaruwa. Wata rana baƙo zai shigo ya gaskata shi. Rana za ta sake tsayawa a tsakar kan Kusada da Kankia wajen ashirin ga Agusta, jim kaɗan bayan sha biyu da rabi, in hadari ya bari, kuma ba za ka samu Baba Manu a kowane fili ba. Ajiye wannan karatu, jawo kujera, hau ka gyara agogon nan. Yanzu, ba in an jima kaɗan ba.